Na Kai Kaset, Na Dawo Ba Takarda

Edita, ina yi maka sallama kai da masu karatu. Lokacin da wannan abu ya same ni ina ɗan shekara ashirin da huɗu, siriri kamar sillen kara, da wasu 'yan gashi a haɓa da nake ta lallaɓawa wai gemu. Asalina mutumin Chinade ne, amma a Azare na yi wayo a gidan kawuna. A nan na yi Islamiyya, na yi sakandare, na shiga wata makaranta ina difloma a Larabci. Ba zan faɗi sunanta ba, don ba ita ta cuce ni ba. Ban taɓa zuwa na ɗaya ba, amma in ana lissafa masu ƙoƙari a aji ba a tsallake ni. Yau na haura arba'in da biyar, kayan gyaran babur nake sayarwa, kuma takardar ƙarshe da ke hannuna ta sakandare ce. Na rubuto ne don na gaji da ƙaryar da nake yi wa mutane, wai zafin ƙasar da aka tura ni ne bai karɓe ni ba. Mutumin da ya tashi a Azare zai ce zafi ya kore shi daga wani wuri? Ni kaina in na faɗa ina jin kunyar bakina.

A shekararmu ta biyu aka zaɓi mu shida za mu je Sudan mu yi zango ɗaya, su ma su turo nasu ɗaliban su zauna a nan. Musayar ɗalibai ake ce wa abin. Daɗin da ke ciki shi ne duk wanda ya ci jarrabawar ƙarshe a can za su riƙe shi ya yi digiri kyauta, da cinsa da kwanansa. Aka ba mu takarda muka sa hannu cewa ba wanda zai bar makaranta ko ya rabu da 'yan'uwansa sai da izinin malamin da ke kula da mu. Na sa hannu ban ko karanta sosai ba. Tun ban hau jirgi ba an fara kirana Ustazu a unguwa, ni kuma ina amsawa, har da canza tafiya.

Saura kwana uku mu tashi na je Chinade sallama. Kakata, mahaifiyar babana, ta kira ni ɗaki. Angona take ce min, irin wasan kaka da jika. Ta ba ni labarin da na riga na ji ya fi sau ɗari: tana budurwa mahaifinsu ya ɗauki ƙanenta, yaro ɗan shekara goma sha, suka kama hanyar Makka a ƙasa. Mahaifin ya rasu a hanya, yaron ya maƙale a Sudan, ya girma a can, ya yi aure, bai taɓa dawowa ba. Abin da ta sani game da shi bai wuce sunan ƙauyen ba, wanda wani alhaji ya rubuto mata a 'yar takarda shekarun baya. Ashe da ta ji zan tafi ta sa an aro mata rikoda, ta zauna ta cika kaset gaba da baya da muryarta. Ta ƙulle shi a tsumma tare da kuka da daddawa, ta kama wuyan hannuna ta ce angona, in ka je ƙasar nan ka dawo ba ka sa wannan a hannunsa ba, kada ka tsaya a kan gawata. Na yi dariya. Ita ba ta yi ba. Babana yana bakin ƙofa, abin da ya ce kawai shi ne na dai ji abin da ta faɗa.

Wata huɗu muka yi a Khartum, ƙullin nan yana ƙasan akwatina. Abokin ɗakina, wani mutumin Itas mai baƙar magana, kullum sai ya ce ko in fitar da daddawar nan ko ya fitar da ni, wai har littattafansa sun fara warin miya. Na tambayi inda ƙauyen yake, aka ce can kudu ne a bakin kogi, tafiyar kusan yini. Kuskurena na farko ke nan. Da na je wurin malaminmu tun watan farko na yi masa bayani, da ya ba ni kwana biyu, ko ya haɗa ni da wani. Amma kullum sai in ce sai mako mai zuwa, har muka gama jarrabawar rubutu. Saura ta baki kawai, ranar Litinin, kuma an gaya mana malaman da za su yi ta daga wata jami'a za su zo, yini ɗaya za su yi su koma, wanda bai zauna gabansu ba ya faɗi. Kwana biyu bayan nan jirginmu zai tashi. Ana cikin haka makaranta ta ce ta shirya mana yawon buɗe ido na ƙarshen mako, Juma'a da Asabar, za a kai mu Sinnar mu ga madatsar ruwa, mu kwana ɗaya mu dawo. Na lallaɓa na tambayi direban motar, ya ce ƙauyen da nake nema bai fi tafiyar awa ɗaya daga can ba. Na ce shi ke nan, Allah ya kawo sauƙi.

In aka tambaye ni me na gani a wannan yawo, ba ni da abin faɗa sosai. Na ga gonakin auduga iya ganin ido, da magudanan ruwa a miƙe kamar an ja su da zare. Na ga madatsar, ƙatuwar gaske, ruwa yana zuba da ƙara har ba ka jin maganar na kusa da kai. Malaminmu yana ta bayanin yadda aka gina ta, abokaina suna ta gyara hula ana ɗaukarsu hoto. Duk yawon buɗe idon da na taɓa yi a duniya ke nan, minti ashirin ina kallon ruwa, hankalina yana kan daddawar da ke cikin jakata. Ana idar da sallar Juma'a na ja abokin ɗakina gefe na ce zan je in kai saƙo in dawo kafin magariba, in an ƙirga mu ya ce na zaga. Ya kalle ni sama da ƙasa ya ce kai ɗan Chinade, kana da hankali kuwa? Wai a ina na taɓa ganin an shiga gidan Bahaushe da saƙon shekara hamsin an fito a yini ɗaya? Ya ce in je in gaya wa malam. Na ce malam zai hana, kuma shi me mutumin Itas ya sani ban da noman rani. Ya ce to, Allah ya raka taki gona.

Wata a-kori-kura na hau, ita ce ta ƙarshe da ke shiga ƙauyen a ranar. Da na sauka sai da na murza ido. Zaure, zana, rumbu, mata suna daka, yara suna Hausa, wata irin tsohuwar Hausa da aka cakuɗa da Larabci. Ka ce an ɗauko Chinade ta zamanin da an ajiye a bakin kogi. Ban sha wahalar nema ba, mutum na biyu da na tambaya ya kai ni. Na same shi a gindin bishiya yana tufkar igiya, kuma tun kafin a ce min shi ne na gane, domin fuskar kakata ce aka sa wa farin gemu. Na durƙusa na gaishe shi, na ce daga ƙasar Katagum nake, na ambaci sunan yayarsa. Igiyar ta faɗi daga hannunsa. Tsoho ya rungume ni yana kuka kamar yaro, yana shinshina rigata wai yana jin ƙamshin gida. Mata suka ɗau guɗa. Kafin ka ce kwabo unguwa ta cika ƙofar gidan, aka kawo rikoda aka sa kaset. Da muryar kakata ta fito tana kiransa da sunan da take kiransa suna yara, ba wanda bai share ido ba. Sau uku aka juya kaset ɗin nan. Aka ja rago aka yanka. Zan faɗi gaskiya tunda ita na zo faɗa: na ji daɗi. Ni da ba a taɓa yanka min ko kaza ba, ga ni a kan darduma dattawa suna yi min fifita suna ce min Shehi. Da na tuna da mota aka ce ai babu sai gobe da hantsi, guda ɗaya ce take fita a rana. Na ce a raina ba komai, motarmu sai bayan azahar za ta bar Sinnar, zan same su.

Ranar Asabar na tashi na rataya jaka. Tsohon ya ganni ya ce kai ja'iri, ina za ka? Wai na aure masa yaya ban biya sadaki ba, na zo na cinye masa rago, yanzu kuma zan gudu ba amsa? Ya ce in na isa in taka ƙofar zauren nan in ga sanda. Kowa ya fashe da dariya, ni ma na yi. Na ce Kaka, ina da ɗan uzuri ne a makaranta. Ku riƙe wannan maganar, ita kaɗai na faɗa: ɗan uzuri. Ya ce makaranta ba ƙafa gare ta ba, shi ya yi shekara hamsin yana jira, ni ba zan iya jiran a ɗauki amsa ba? Minti nawa ne? Na zauna. Aka danna rikoda, ta yi wani gurnani ta tsaya, ashe jiya an cinye batir. Babu batir a ƙauyen sai a kasuwar tsallaken kogi. Aka tura mutum a kwalekwale. Ina zaune ina kallon inuwa tana gajarta har na ji mota ta yi ham ta wuce. Na duba fuskar tsohon, yana ta gyara murya yana shirya abin da zai gaya wa yayarsa, na gyara zama.

Da batir ya zo aka shiga wani sabon babi. Zai fara magana sai kuka ya ƙwace masa, a tsayar, a mayar baya, a goge, a sake. Ya ce daga ranar da suka bar gida zai fara, zango zango, har inda aka binne mahaifinsu. Babban ɗansa, wanda ya girme ni da kusan shekara goma, shi ke danna rikodar, shi ma ya gaji yana ce masa Baba a taƙaita, tsohon ya ce da shi ya rufe masa baki. Kafin ya gama labari ya zaga gari cewa ɗan Katagum ya zo kuma ana ɗaukar murya. Sai ga layi. Wata tsohuwa 'yar asalin Shira, wani makaho da aka fito da shi daga Itas yana goye, wasu na Gamawa, wasu na Jama'are. Kowa yana da wanda zai gaisar, kowa sai ya yi kuka tukuna, kowa sai ya ba ni kwatance in rubuta: wai in na shiga garin in nemi gidan da ke jikin tsamiya, kusa da rijiya mai baki biyu. Kwatancen shekara hamsin! Kaset uku aka cika. Kuma duk wanda ya yi magana sai ya ja ni gidansa, a kawo kisira, wata aba mai faɗi kamar sinasir, da miya da shayi mai sukari kamar zuma. In na ci a gidan wane ban ci a gidan wane ba an ƙulla gaba. A yinin nan na ci abinci sau tara. Cikina kamar zai fashe, raina kamar zai fita, bakina kuma yana ta cewa na gode, Allah ya saka.

Na kwana da lissafi. Motar makaranta ta tafi ta bar ni, wannan ya wuce, faɗa zan sha. Amma in na hau motar hantsi ranar Lahadi, na samu ta Khartum a Sinnar, zan isa da yamma, in zauna jarrabawa Litinin. Har yanzu ban rasa komai ba. Ana sallame asuba na ɗau jaka, tsohon ma bai yi gardama ba, ya ce to ango, bari a raka ka. Rakiyar nan ita ta kashe ni. Daga ƙofar gidansa zuwa inda mota ke tsayawa bai fi tafiyar minti goma ba. Mun fi awa ɗaya da rabi. Shi ne a gaba da sandarsa, yana taku kamar mai auna fili, ya riƙe hannuna gam. Duk ƙofar da muka zo sai an tsaya, maigida ya fito, a gaisa tun daga kwana har gajiya, a shafa fatiha. Wannan ta fito da ƙullin dabino, waccan da turare a kai wa wance in tana da rai. Tsohuwar Shira ta tare hanya wai ta manta ba ta gaida 'yar ƙanwarta ba, sai da aka koma aka ɗauko rikoda aka ƙara a tsaye. Da muka zo ƙofar masallaci, ga mota can ina hangenta ana ɗaure kaya, liman ya ce a ɗaga hannu a yi wa matafiyi addu'a. Malamin nan ya fara daga annabawa, ya bi ta kan waliyyai, ya shiga mamatan ƙauyen ɗaya bayan ɗaya. Hannuna a sama na ji an tayar da mota. Hannuna a sama na ji ta yi ham sau biyu. Hannuna a sama na ji ƙararta tana nisa. Wa ya isa ya sauke hannu ya ruga liman yana addu'a, kuma addu'ar tasa ce? Da aka shafa, tsohon ya dubi hanya ya yi dariya ya ce alhamdu lillahi, Allah ya ƙara mana kwana ɗaya da ango. Wallahi murmushi na yi masa. Murmushi! Na tambayi wani ko akwai wata motar fasinja, ya ce sai gobe. Na zaga bayan zana na ciji hannuna har ya yi shaida. Yinin ranar ban iya cin komai ba, matan gidan suna ta cewa Allah sarki, kewar gida ce ta kama shi.

Litinin na hana kowa raka ni, na ce cikina ne ke ciwo zan riga su gaba. Na isa makaranta bayan la'asar, da buhun dabino a ka da kaset uku a jaka. Masu jarrabawa sun tafi tun azahar. A nan na ji abin da na jawo. Abokina ya riƙe ƙaryar da na ba shi har safiyar Asabar, yanzu ya ce na zaga, anjima ya ce na je masallaci. Da malam ya gane ba na nan ya zaci ruwa na faɗa, ya kira 'yan sanda, aka bi bakin kogi ana duba gawata. Sai da abokin ya ga abin ya girma ya faɗi gaskiya, shi ma saura ƙiris a kore shi. Aka riƙe mota har yamma ana jirana. Na zaci malamin zai yi min ihu, da ya yi ma da na fi jin sauƙi. Zama ya yi ya saurare ni har na gama, sannan ya tambaye ni ko ɗaure ni suka yi. Na ce a'a. Ya ce kulle ni suka yi a ɗaki? Na ce a'a. Ya ce to shi ba shi da abin da zai gaya wa kwamiti. Mu shida muka hau jirgi zuwa gida, biyar da takardar komawa a aljihu.

Da na je Chinade na miƙa wa kakata kaset, ta sa aka juya mata shi har ta haddace. Ta ce muryarsa ce, amma ya tsufa, kuma har yanzu bai daina yawan magana ba. Ta shafa kaina ta ce angona ya cika ɗa. Da aka yi mata bayanin jarrabawa ta ce to ba sai ya rubuta wata ba, takarda ta ƙare ne a duniya?  Sauran kaset biyun kuwa amana ce, dole na ari keke na shiga gari gari. Na je Shira, tsamiya an sare ta tun ban zo duniya ba. Na je Itas, wanda makaho ya gaisar ya shekara ashirin a ƙasa. Inda na samu masu rai ma, wani ya saurara ya gama ya ce min murya kawai aka aiko, ba ko 'yar riga? Wata guda na yi ina wannan aikin masinja. Makarantarmu ta dakatar da ni shekara ɗaya ta ce in dawo in maimaita. Ban koma ba. Wannan kam ba zan ɗora wa kowa ba, girman kai ne. Na kasa jure a nuna ni a ce ga Ustazun Sudan da aka koro. Na shiga kasuwa, na ƙirƙiro zancen zafi.

Shekara ashirin da ɗoriya na yi ina ɗauke da haushi. Na ji haushin kakata har bayan ranta, Allah ya gafarta min. Na ji haushin tsohon, na ji haushin liman da doguwar addu'arsa, na ji haushin malamin da bai tsaya min ba. Abokin ɗakina yanzu dakta ne yana koyarwa a jami'a. In ya zo Azare yakan tsaya da mota a ƙofar shagona ya ce mutumin Chinade, ina daddawa? Da zuciya ɗaya yake faɗa, na sani, amma in ya tafi sai in yini ina yi wa masu sayayya tsawa. Na daina karɓar sallahu ko na allura ne. Na rage zuwa sabgar dangi. Duk wanda ya ce min zumunci a ƙafa yake, sai in ce ni tawa ƙafar ta kai ni ta baro.

Da fitina ta tashi a Sudan 'yan shekarun nan, babban ɗan tsohon, wancan mai danna rikoda, ya kwaso iyalinsa suka biyo asali har Azare. Baffa nake ce masa. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Wata rana da hantsi yana zaune a bencin shagona muna shan shayi, ya tambaye ni wai me ya sa na bar malanta na koma sayar da ƙarafa. Abin da na danne shekara da shekaru ya taso. Na zazzage masa komai, ban rage ba, na ce ku ne, ku da rikodarku da rakiyarku. Ya ajiye kofi ya ce wace jarrabawa? Na ce ta ranar Litinin. Ya ce wa na gaya wa? Na ce ai na ce ina da uzuri. Ya riƙe baki ya ce ɗana, wane baƙo ne ba ya cewa yana da uzuri? Ai haka ake yi, baƙo ya ce zai tafi, maigida ya hana, wanda tafiyarsa ta gaske ce sai ya faɗi dalili a sake shi. Ya ce su gani suka yi ina dariya ina cin abinci, suka ce yaro yana jin daɗin dangi. Sannan ya gaya min abin da ya sa na kasa ƙarasa shayin. A lokacin shi direban babbar mota ne, yana kai ayaba Khartum. Ya ce washegarin ɗaukar muryar nan, ranar da mota ta bar ni a ƙofar masallaci, shi da kansa ya tashi da lodi bayan azahar, kujerar gefensa ba kowa. Bai yi min tayi ba don kada mahaifinsa ya ce yana korar masa baƙo. Ya ce da tsohon ya ji kalmar jarrabawa, da da sanda zai kora su a kai ni, mutumin da ya sayar da shanunsa don 'ya'yansa su yi karatu. Kuma har ya mutu yana yi wa mutanen ƙauyen alfahari, wai jikansa na Katagum yanzu babban shehi ne.

To ka ji, Edita. Ban rubuto don a tausaya min ba, na wuce nan. Na rubuto ne saboda yaranmu da ake turawa karatu ƙasashen waje, ana cika musu akwati da saƙon dangi. Ku iyaye da kakanni, yaro karatu ya je yi, ba masinja ba ne, kada ku ɗaura masa rantsuwa a wuya. Kai kuma yaro, in an ba ka saƙo ka kai shi da wuri, da izinin waɗanda ke riƙe da kai, kada ka saci jiki ka ce yanzu zan dawo. Abin da ya fi duka, an koya mana cewa ladabi shi ne ka sunkuyar da kai ka ce to. Ba a koya mana cewa babba ba ya ganin cikin zuciya ba. In abu zai halaka ka, buɗe baki ka faɗa masa da sunansa, a durƙushe in ka so, amma ka faɗa. Mai ƙaunarka ba zai riƙe ka ba in ya sani. Allah ya jiƙan tsofaffin nan biyu, ba su ci hakkina ba, ni na ci nasu. Ina da jarrabawa ranar Litinin: kalma biyar ce. Na yi rabin rayuwata ina zagin mutanen da ban taɓa gaya wa ita ba.